Wilin Ford Focus a Ƙafar Peugeot 406: Nazarin Lamari Daga Saye Zuwa Gyara

Asalin lamarin

Motar Peugeot 406 ce mai injin fetur lita 2.0, haɗin kamfanin PAN (Peugeot Automobile Nigeria) da ke Kakuri a Kaduna. A Faransa an fara ƙera 406 a 1995, aka daina a 2004, amma Kaduna ta ci gaba da haɗa ta na wasu shekaru bayan nan. Shi ya sa har yau ba a rasa ta a titunan Arewa, kayan gyaranta ma ba sa wuyar samu. Mai motar ma'aikaci ne da ke aiki a Kaduna, iyalinsa kuma suna Zariya, saboda haka kusan kowane ƙarshen mako yana kan hanya, tafiyar kilomita 80 ko kusa da haka.

Da wilin ƙarfe motar ta zo, mai inci 15 da faɗin inci 6, sanye da taya 195/65 R15. Ramukan hanya sun lanƙwasa bakin biyu daga cikinsu. Mai faci ya sha buga su da guduma, su riƙe iska kwana biyu, su koma sacewa. Da damina ta kama, sai mai motar ya yanke shawarar canza duka huɗun, kuma tunda kuɗi za su fita, ya ga gara ya sa na alminiyam motar ta yi kyan gani.

Yuni: saye da gwajin farko

A wani shagon kayan Beljiyam ya ga wili huɗu na alminiyam, babu tsaga, babu alamar walda. Daga Ford Focus ta farko aka ciro su, wadda aka yi tsakanin 1998 da 2004. Kuɗinsu bai kai na wilin alminiyam na 406 da ya taya a wani wuri ba. Mai shagon ya sa aka ɗauko safayar motar, aka kifa ta a kan ɗaya daga cikinsu, ramuka huɗu suka faɗa kan huɗu. Gwajin bai yi ƙarya ba: motocin biyu duk tsarin 4x108 gare su, wato ramuka huɗu a kan da'ira mai faɗin milimita 108. Incin wilin da faɗinsa ma ɗaya ne da na motar. Ya biya, aka loda masa a but.

Tayoyin da suka zo a jikin wilin 195/60 R15 ne masu lambar nauyi 88, wato kilo 560 kowace. Nasa lambarsu 91, kilo 615, kuma sun fi su tsayi da kusan milimita 20. Mai faci ya cire na Beljiyam, ya mayar da nasa a kan sabon wilin.

A gareji aka ɗaga ƙafar gaba ta hagu, aka kawo wili, ya ƙi zama. Ramukan bol suna kallon juna, amma bayan wilin bai kai ga faifan birki ba. Ya ɗare a kan leɓen hob, wato ƙarfen nan mai juyawa da ake ɗaure wili a jikinsa, kamar hular da ta yi wa kai kaɗan. Leɓen nan ɗan wuyan ƙarfe ne da ya fito a tsakiyar hob, shi ke shiga ramin tsakiyar wili ya tsayar da shi daidai cibiya kafin a ɗaure. Na Peugeot faɗinsa milimita 65.1, ramin wilin Ford kuwa 63.4. Bambancin milimita 1.7 ne kacal.

Makanikin ya ce a buɗe ramin. Aka ɗauko giranda ta hannu aka ci bakin ramin wili ɗaya har ya shiga. Ya zauna, aka ɗaura bol biyu don gwaji, sai ƙafar ta ƙi juyawa. Wilin ya shige ciki da yawa, gefen tayar ya manne da shokozoba. A nan aka dakata, ba a taɓa sauran ukun da giranda ba.

Ƙarshen Yuni: sifesa biyu-biyu da dogayen bol

Bayan 'yan kwanaki makanikin ya kawo sifesa, wadda ake sawa tsakanin wili da hob don ta turo wilin waje, irin faifan alminiyam ɗin nan na zubi da ake sayarwa, mai ramuka barkatai don ya shiga kowace mota, da ƙaton rami a tsakiya. Kaurin kowace milimita 10. Guda ɗaya ba ta isa ba, tayar tana gogar shokozoba. Da aka haɗa biyu, milimita 20, ƙafar ta juya, ko da yake tazarar da ta rage tsakanin taya da shokozoba yatsa ba ya shiga. Wani abu kuma ya faru da ya faranta wa kowa rai a ranar: sifesa biyun sun binne leɓen hob gaba ɗaya, saboda haka sauran wili ukun suka zauna ba tare da an buɗe raminsu ba.

Sai maganar bol. Ford tana da ƙusoshin zare a tsaye a jikin hob, ana ɗaura musu noti. Peugeot kuwa bol take amfani da shi, mai kai da jela, yana ratsa wili ya shiga zaren da ke cikin hob. Bol ɗin motar na asali sun yi gajarta da zarar an ƙara milimita 20 da kaurin wilin alminiyam. Dogayen da aka fara samowa na wata motar Jamus ce. Kaurinsu ɗaya da na Peugeot, milimita 12, amma tazarar haƙoran zarensu 1.5 ce, na Peugeot kuwa 1.25. Irin wannan bol yana shiga zagaye biyu ya cije. Yaron gareji ya ɗauka datti ne, ya zura bututu a jikin sifana ya danna, zaren rami ɗaya a hob ɗin gaba na hagu ya lalace. Aka bi ramin da abin gyaran zare, aka ce ya dawo.

Daga baya aka tattaro bol 16 masu zaren 1.25 daga tarkacen ƙasan motocin Japan. Kawunansu a shimfiɗe suke, aka sa musu washa. Tsayinsu ba ɗaya ba ne. A baya, guda ɗaya ya zarce har yana karce kayan birki da ke ciki, aka yanke shi da zarto. Ɗaurin kuwa da ƙafa aka yi shi, yaro ya hau kan sifana har ta daina motsi.

Yuli: rawar sitiyari

A cikin gari ba a ji komai ba, in ban da 'yar gugar taya a ciki idan aka karya sitiyari har ƙarshe. A hanyar Zariya ne matsalar ta bayyana. Daga gudun kilomita 80 sitiyari yake fara kaɗawa, a 100 har madubin ciki yana rawa.

Aka kai wajen masu balansin. Injin ya nemi 'yar darma kaɗan, aka manna, ya nuna sifili. Rawa ba ta daina ba. Aka sake kaiwa wani wurin, sakamako ɗaya. Makanikin ya zargi tairod, aka canza, aka yi alaimen, duk a banza. Abu ɗaya dai mai motar ya lura da shi: duk lokacin da aka cire wili aka mayar, yanayin rawar yana canzawa, wani lokaci ta ragu, wani lokaci ta ƙaru.

Wannan lura ita ce bakin zaren, ko da yake a lokacin ba wanda ya bi ta. Injin balansin yana kama wili ne ta ramin tsakiyarsa, ya tsayar da shi a cibiya, sannan ya juya. A kan injin, wilin lafiyarsa ƙalau. A jikin motar kuwa babu abin da ke tsayar da shi a cibiya. Leɓen hob yana binne, ramukan wili sun fi jikin bol faɗi, kan bol kuma a shimfiɗe yake, ba ya jan wili zuwa tsakiya. Duk inda wilin ya rataya lokacin ɗauri, nan yake zama.

Lissafin ba shi da wuya. A ɗauka wili da tayarsa kilo 17 ne. Idan ya kauce wa cibiya da rabin milimita, daidai yake da a manna darmar giram 45 a gefe ɗaya na bakin wili mai inci 15. Tayar 195/65 R15 kuma a gudun kilomita 100 tana juyawa kusan sau 14 a daƙiƙa ɗaya.

Farkon Agusta: tsakanin Maraban Jos da Jaji

Ana yayyafi, yana kan hanyar gida, sai ya fara jin ƙwas-ƙwas daga gaba ta hagu. Ƙarar tana bin gudun mota, tana ƙaruwa idan ya ɗaga ƙafa daga totur. Ya gangara gefe ya tsaya. Bol ɗaya babu shi, ya fita. Biyu suna juyawa da yatsa. Guda ɗaya ne ke riƙe da ƙafar. A kewayen ramukan akwai baƙin gari mai toka-toka da ruwa ya zana a fuskar wilin, wato garin alminiyam da guga ta ci.

Allah ya sa tsofaffin bol ɗin motar suna cikin but. Ya cire wilin da sifesa biyun, ya ɗaura safayar ƙarfe, ya zagaya sauran ƙafafun da sifana. A kowace ƙafa ya samu aƙalla bol ɗaya da ya saki. Ya ƙarasa Zariya a hankali. Washegari aka mayar da tsofaffin wilin ƙarfe a dukkan ƙafafun, na gaba ta hagu kuwa ramin da aka taɓa lalatawa ya ƙi riƙe bol da ƙarfi.

Tsakiyar Agusta: awo

Wani abokin aikinsa ya haɗa shi da wani dattijo mai injin sassaƙa ƙarfe, wanda ya daɗe yana aikin masana'anta kafin ya buɗe nasa wurin. Abin da dattijon ya fara yi shi ne ya kifa wilin ya goge bayansa da tsumma. Lambobin suna nan a zube a jiki: 6Jx15, ET52.5. A jikin wilin ƙarfe na motar kuma an buga ET18.

ET ita ce tazarar da ke tsakanin tsakiyar faɗin wili da fuskar da ke mannewa da hob. Idan lambar ta yi girma, wili yana shigewa cikin mota, idan ta yi ƙasa yana fitowa waje. Tsakanin 52.5 da 18 akwai milimita 34.5. Wato ranar gwajin farko tayar ta matsa ciki da milimita 34.5, shi ya sa ta manne da shokozoba. Da sifesar milimita 20, ET ta koma 32.5, har yanzu tayar tana ciki da milimita 14.5 fiye da inda masu ƙera motar suka ajiye ta. Daga nan gugar da ake ji wajen karya sitiyari ta fito.

Sai ya koma kan bol. Ya jera sifesa da wili a hob ɗin baya, ya zura bol ɗaya bayan ɗaya yana ƙirga zagaye. Da yawansu biyar suka yi suka tsaya. Zagaye biyar a zaren 1.25 milimita 6.25 ke nan. Masu ƙera sifesa na ƙwarai suna neman kusan zagaye takwas a irin wannan zare, milimita 10. A lalataccen ramin gaba kuwa haƙora uku ne kawai suke kamawa. Wasu kawunan bol an buga musu lambar ƙarfi 8.8, wasu babu lamba sam, alhali 10.9 ya ce a nema.

Mazaunin bol shi ma bai dace ba. Bakin ramukan wilin Ford a gangare yake, kusurwar digiri 60, don notin da ke da irin wannan gangara ya zauna a ciki ya cika shi. Washa mai shimfiɗe ba ta shiga gangarar, sai ta hau bakin ramin kawai, ta riƙa cin alminiyam ɗin a hankali. Da ta ci kaɗan, ɗauri ya ragu.

A nan dattijon ya ɗan tsawaita bayani, don yawancin masu mota suna ɗauka bol ne ke ɗauke da nauyin mota kamar turaku. Aikin bol matsewa ne. Yana matse wili da hob har fuskokin biyu su kama juna, wannan kamun shi ke ɗaukar nauyi da birki da jan inji. A motar da ba a taɓa ba, fuska ɗaya ce tsakanin wili da faifan birki. Da sifesa biyu sun zama uku, kowace da tsatsarta da ƙasarta, ga shi sifesar zubi ce da ba a daidaita fuskarta a inji ba. Da ya auna kaurinta a wurare daban-daban, bai samu lamba ɗaya ba. Tafiya da zafin birki suna murƙushe dattin da ke tsakani, faifan su zauna, ɗauri ya saki. Da zarar wili ya fara zamewa, nauyi ya koma kan jikin bol, yana lanƙwasa shi a kowane juyi, har ya kwance ko ya karye.

Wilin da aka ci da giranda raminsa ya zama kamar ƙwai, ba da'ira ba, kuma shi ne wanda ya yi tafiya a kwance, mazaunan bol ɗinsa sun ciccinye. Dattijon ya wanke shi, ya shafa kananzir, ya goge, ya bi shi da garin alli. Inda akwai tsaga, kananzir yana fitowa ya jiƙa allin. Ba a ga komai ba.

Hanyoyi uku ya shimfiɗa masa. Ta farko, ya sayi wilin ƙarfe biyu masu kyau ya maye gurbin lanƙwasassun. Ta biyu, ya nemi wilin alminiyam na 406, ko na Peugeot 307 mai inci 15, wanda raminsa 65.1 ne kuma ET ɗinsa 27, a gwada a ga ya wuce shokozoba, a haɗa da bol masu washa irin na wilin alminiyam na Peugeot. Ta uku, a sassaƙa wa wilin Ford sifesa ta musamman.

“Malam, da ni ne, ta biyu zan bi,” in ji dattijon.

Amma mai shagon ya ƙi karɓar kayan tunda an taɓa ɗaya da giranda, wanda ya taya su kuma bai ba da ko rabin kuɗin ba. Abokin da ya kawo shi ya tsokane shi da cewa araha ba ta ado. Mai motar ya zaɓi ta uku.

Satumba: sassaƙa da ɗauri

Kaurin da aka tsayar milimita 35 ne. A cire 35 daga 52.5, saura 17.5, rabin milimita ke nan tsakaninsa da 18 na asali.

Dattijon ya ƙi amfani da alminiyam ɗin da ake narkawa daga tarkace, saboda yana da kumfar iska a ciki kuma ba a san ƙarfinsa ba. A Turai da curin alminiyam mai lamba 6061 ko 6082 ake yin irin wannan sifesa. Da yake bai samu wanda ya amince da shi ba, sai ya yanko daga sandar ƙarfe mai kauri. Kowace sifesa ta tashi kusan kilo 3. Da ta alminiyam ce, da ba za ta wuce kilo 1 da kaɗan ba.

Ga yadda aka tsara ta. A bayanta an yi rami mai faɗin 65.1 da zurfin da zai haɗiye leɓen hob, ya zauna cif. A gabanta an fitar da sabon leɓe mai faɗin 63.4 don ramin wilin Ford. Siririyar sifesa ba za ta iya wannan ba, dole kaurinta ya wuce tsayin leɓen hob kafin a samu naman da za a fitar da ƙaramin leɓe a kansa. A kan da'irar milimita 108 an huda ramuka takwas. Huɗu na bol ne masu ɗaure sifesar a hob, an yi musu gangarar digiri 60, an nutsar da su yadda kan bol ba zai fito ya taɓa bayan wili ba. Sauran huɗun, kowane a tsakanin biyu, an danna musu ƙusoshin zare irin na Ford, masu zaren 1.5, daga baya. Wato sifesar tana ɗaure a mota da bol na Peugeot, wili kuma yana ɗaure a sifesar da notin Ford. Babu dogon bol ko ɗaya a cikin aikin.

Wilin da ya sha giranda an ɗora shi a inji, aka mayar da raminsa da'ira mai faɗin milimita 67, aka sabunta gangarar mazaunansa. Sifesarsa an yi mata leɓe mai 67, aka buga wa su biyun alama, aka kai su ƙafar baya. Ba za su ƙara rabuwa ba, wilin kuma ba zai zauna daidai a kan sauran sifesa ukun ba.

Hob ɗin gaba na hagu an canza shi. Cire shi yana lalata boris, saboda haka aka sa sabon boris.

Ranar ɗauri an goge fuskar kowane faifan birki da burushin waya har ƙarfe ya fito fes. Ba a shafa giris a zare ko a fuskokin ba. Bol masu lamba 10.9 aka sa, aka ƙirga zagayen kowane, babu wanda ya gaza takwas, aka kuma juya ƙafafun baya da hannu a tabbatar jela ba ta taɓa komai a ciki. An ɗaure da sifana mai awo a Nm 90 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri), ana tsallakawa daga bol zuwa kishiyarsa. Kafin a sa wili, dattijon ya kafa agogon awo a fuskar kowace sifesa ya juya hob, allurar ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. Sannan aka sa wili, aka ɗaure noti da wannan sifanar.

Oktoba zuwa Maris: bibiya

Bayan zuwa Zariya da dawowa sau ɗaya, aka cire wili huɗun don a kai ga bol ɗin ciki. Biyu sun ɗan motsa kafin sifana ta yi ƙara. Aka sake dubawa bayan kusan kilomita 500, babu wanda ya motsa. Aka ɗiga wa kan kowane bol fenti da zai nuna idan ya juya.

Rawar sitiyari ta tafi ba tare da an sake balansin ba. Gugar taya wajen karya sitiyari ma ta daina. A Disamba an duba cin tayoyin gaba, ciki da waje daidai suke. Boris bai yi kuka ba. Abin da mai motar ya ce ya canza shi ne faɗawa rami: ƙafar tana bugawa da nauyi fiye da da.

A Janairu ƙusa ta huda tayar baya a hanya. Ya ɗauko safaya, ramukanta suka shiga ƙusoshin sifesar, amma ta fito waje da milimita 35, tana neman taɓa bakin madigadi, raminta na 65.1 kuma yana lilo a kan leɓen. Dole sai an cire sifesar kafin safaya ta zauna a hob. Sifanar motar kuwa kanta ya yi kauri, ba ta shiga ramukan da aka nutsar da bol. Sai da ɗan acaɓa ya kai tayar wajen mai faci ya dawo da ita. Tun daga ranar, akwai siririyar soket da dogon hannunta da bol huɗu na asali a cikin but.

Zuwa Maris fentin kan bol bai gusa ba. Tsatsa ta ɗan kama gefen sifesar, aka goge aka shafa fenti a gefen kawai, ban da fuskokin.

Hukunci

Gwajin shago abu ɗaya ya auna cikin biyar. Tsarin ramuka ya dace, amma faɗin ramin tsakiya, da ET, da zaren bol, da siffar mazauninsa, duk sun saɓa. Biyu daga cikinsu ana iya gane su tun a shagon, ET a rubuce take a bayan wilin, ramin tsakiya kuma awon minti ɗaya ne.

Giranda ba ta magance komai ba, ta dai rage darajar kayan, ta kuma rufe ƙofar mayar da su. Sifesa biyu-biyu ita ce matakin da ya fi haɗari, domin ta sa alamun matsala sun ɓace alhali matsalar tana nan. Wilin da ya ƙi zama yana gaya wa makaniki wani abu. Da aka binne leɓen hob, wilin ya zauna, aka rasa abin da ke tsayar da shi a cibiya. Kuɗin balansin sau biyu da tairod da alaimen duk an kashe su ne a kan ciwon da ba a nan yake ba. Kwancewar bol a hanyar Zariya kuma ba tsautsayi ba ne kawai: gajeren kamun zare, lalataccen rami, washa a kan gangara, da fuskoki uku masu datti, kowane ɗaya ya isa ya saki ƙafa, balle sun haɗu a ƙafa ɗaya.

Sifesar Satumba ta yi aiki saboda ta mayar da kowane abu inda yake: taya a ET 17.5, cibiya a kan leɓe daga hob har wili, kowane zare da abokinsa, kowane noti a mazauninsa. Maganar da aka saba ji cewa sifesa tana cin boris ba ta shafi wannan aikin ba. Boris bai san akwai sifesa ba, inda tsakiyar taya ta faɗa shi ne abin da yake ji. Sifesar da ke tura wilin asali waje ita ke ƙara masa wahala. Wannan kuwa gurbin da ET ta bari ta cike.

Duk da haka, a ganina shawarar dattijon ta biyu ce daidai, ko bayan asarar da aka riga aka yi. Kuɗin sassaƙa da bol da noti da hob da boris, in aka haɗa da na wilin, sun wuce abin da aka nema a kan wilin 406 tun farko. Kilo 3 na ƙarfe a kowace ƙafa ya cinye duk wani sauƙin nauyi da ake nema a alminiyam. Abubuwan ɗauri sun tashi daga 16 zuwa 32, rabinsu a ɓoye, ba a ganin su sai an cire wili. Canza taya a hanya ya zama aiki biyu.

Akwai kuma abin da sifesa ba ta gyarawa. An ƙera wilin ne don Focus, 406 kuwa ta fi ta nauyi, kuma mai motar yakan cika but da buhunan hatsi idan zai dawo daga Zariya. Dattijon ya ce masa ya rage lodi, ya kuma riƙa duba gindin sandunan da suka haɗa tsakiyar wilin da bakinsa ta baya duk lokacin da aka cire shi, musamman wanda ya taɓa tafiya a kwance. An tsayar cewa za a riƙa cire wili huɗun a duba bol ɗin ciki da sifanar awo a kowane canjin mai.